Kai da ƙafa na yumɓun Etruskawa a gwanjo: in saya ko in bari?

Tambaya: Ina aiki a Ingila, kuma ina sha'awar tsofaffin kaya. A kundin wani gidan gwanjo na ga kan mutum na gasasshen yumɓu da ƙafa guda ɗaya. An rubuta cewa kayan bakance ne na Etruskawa, na ƙarni na 3 kafin Miladiyya, "daga tsohon tarin wani Bature". Ƙafar 'yan ɗaruruwan fam ce kawai, kan ya ɗan ɗara. Anya abin da ya haura shekara 2,000 zai yi wannan arha? Doka ta yarda in saya? Kuma in na ajiye zai yi daraja nan gaba?

Amsa: Malam, arhar da ta ba ka tsoro ita ce ba ta dame ni ba ko kaɗan. Waɗannan kaya tun ranar da aka fito da su daga wuta masu arha ne, kuma yanzu haka akwai dubbansu jibge cikin akwatuna a ɗakunan ajiyar gidajen tarihin Italiya. Inda na tsaya shi ne layin nan na "tsohon tarin wani Bature". Za mu zo kansa, amma fara sanin abin da ake tallata maka tukuna.

Etruskawa mutanen tsakiyar Italiya ne, tsakanin kogin Arno da kogin Tiber, inda yau ake kira Tuskani da arewacin Lazio da wani sashe na Umbriya. Birane ne kowanne da mulkin kansa: Veii, Cerveteri, Tarquinia, Vulci, Chiusi da sauransu. Rum ta ci Veii da yaƙi a shekara ta 396 kafin Miladiyya, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kayan bakance irin waɗanda ka gani sun yawaita ne daga ƙarni na 4 zuwa na 2, daidai lokacin da Rum ke haɗiye ƙasar.

Yadda abin yake, mutum ne ciwo ya kama shi, ko matarsa ta daɗe ba haihuwa, ko annoba ta shiga masa garke. Sai ya nufi wurin bautar ɗaya daga cikin gumakansu, Uni ko Menerva ko Vei, ya sayi siffar abin da ke damunsa a hannun magina, ya ajiye a can, ko don roƙo ko don godiya bayan buƙata ta biya. Shi ya sa ake samun kai, da rabin kai, da ido, da kunne, da hannu, da ƙafa, da nono, da mahaifa, da al'aura, da kayan ciki a jere bisa faifai guda, da jariri a naɗe, da shanu da aladu. Kusan dukansu ba rubutu a jiki. 'Yan kaɗan ne suka zo da shi, kamar wata gwiwa daga Tarquinia mai ɗauke da sunan wanda ya kawo ta, Vel Tiples, da wasu mahaifu daga Fontanile di Legnisina kusa da Vulci masu sunan Vei. In wuri ya cika, masu hidimar wurin ba sa zubar da kayan a juji, tunda a ganinsu sun zama na abin bauta. Rami suke haƙawa a harabar su binne su gaba ɗaya. Don haka ba ɗai-ɗai ake tono su ba, ɗaruruwa ko dubbai ne a rami guda. A Ponte di Nona, kan tsohuwar hanyar da ta fita gabashin Rum, an tono sama da guda 8,000, kuma ƙafafu ne suka fi yawa.

To ka lura, Ponte di Nona ba ƙasar Etruskawa ba ce, ta Latinawa ce. Irin kayan nan sak ana samunsu a Nemi da Lavinium da Fregellae, har can kudu a Cales da Capua. Al'ada ce da tsakiyar Italiya duka ta yi tarayya a kanta. Ƙafar yumɓu da ba a san ramin da ta fito ba, da wuya wani ya iya rantsuwa cewa ta Etruskawa ce ba ta maƙwabtansu ba. Dillalai na rubuta sunan Etruskawa ne domin shi ya fi jan mai saye. Ka sake duba hoton kan: in akwai wani faffaɗan baki da ya kewaye fuskar kamar mayafi, siffar mai lulluɓe kai ce lokacin yi wa abin bauta yanka, al'adar da aka fi sanin Rumawa da ita. Wannan bai mai da shi jabu ba, sunan da aka laƙaba masa ne kawai ba tabbas.

Akasarinsu da mazubi aka yi su, kuma wannan shi ne tushen arhar. Magini zai gina samfur guda, ya danna yumɓu a kansa ya cire, ya gasa, ya samu mazubi. Daga nan sai ya riƙa shimfiɗa yumɓu a ciki yana dannawa da yatsa, yana fitar da fuska ɗaya sau ɗari. Da za ka ɗauki irin wannan kai ka juya shi, za ka ga gaba ne kaɗai ya sha aiki. Ƙeyar a shafe take, an lailaye ta da hannu an manna, galibi da huda a tsakiya domin tururi ya fita kada ya fashe a wuta. Ka haska tocila ta ƙasan wuya: ciki rami ne, ga sawun yatsu a jere inda aka tura yumɓun cikin kumatu da hanci, ga ɗan tudun da ya bi layin haɗin gaba da baya. Kaurin bangon ba daidai yake ba, nan kauri can siriri. A jikin yumɓun akwai ƙananan baƙaƙen tsakuwoyi masu ƙyalli, irin na ƙasar da dutse mai aman wuta ya bari, wadda ta cika yankin Veii da Cerveteri. A lungun kunne ko tsakanin gashi wani lokaci ka tarar da ragowar jan fenti, domin da launi aka sayar da su, maza ja-ja, mata da haske.

In mazubi ya gaji, ba sa komawa ga samfur. Ɗaya daga cikin kawunan da aka riga aka gasa ake ɗauka a sake cire sabon mazubi a jikinsa. Yumɓu kuwa yana tsukewa in ya bushe ya sha wuta, don haka kowane sabon zubi ya fi na baya ƙanƙanta, fuskar kuma tana ƙara dusashewa har idanu su koma kumburi biyu. Masana na bin wannan tsukewa su jera kawuna iyaye da 'ya'ya da jikoki, su gane wace matoya ce ta kai kaya wane wurin bauta. Ma'anarsa gare ka ita ce fuskar ba hoton wani takamaiman mutum ba ce, ƙafar kuma ba ta nuna ciwon mai ita. Lafiyayyar ƙafa ce irin wadda aka sayar wa kowa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu duka mahaifa ce. Cika tafin hannu take, kamar ƙwai da aka ɗan danne, da baki a gefe ɗaya, bayanta da tudu-tudu a jere. An samu ɗaruruwa a Gravisca, tashar jiragen ruwan Tarquinia, da kuma Vulci. Da aka ɗauki na Vulci hoton eksire sai aka ga 'yan dunƙulen yumɓu a cikin da yawa daga cikinsu, wanda magini ya saka kafin ya rufe, ba mai gani daga waje. Masu bincike da dama na fassara shi da ɗan tayin da matar ke roƙo.

Yanzu batun jabu. Aikin da magini ya yi shekara 2,300 da suka wuce, kowane magini mai hannu zai iya yinsa yau, har ya cire mazubinsa a jikin na gaske. Kuma yumɓun Etruskawa ya kunyata manya. Gidan tarihi na Metropolitan a Niyok ya sayi manyan mutum-mutumin mayaƙa biyu da wani ƙaton kai tsakanin 1915 da 1921, ya baje su a 1933, jama'a na ta tururuwa. A 1960 gwaji ya nuna akwai sinadarin manganis a baƙin fentin, wanda ba haka magina na da ke samar da baƙi a irin wannan aiki ba. A farkon 1961 wani dattijo a Rum, Alfredo Fioravanti, ya amsa cewa shi da 'yan gidan Riccardi suka gina su. Matoyarsu ta yi ƙanƙanta, sai suka farfasa su tun kafin gashi, suka gasa gutsattsarin, suka sayar a matsayin abin da aka tono. Hujjarsa babban yatsan da ya ɓalle daga hannun ɗaya daga cikin mayaƙan, wanda ya ajiye duk shekarun nan; aka gwada ya zauna daram. Gidan Tarihin Birtaniya ma ya yi sama da shekara 60 yana nuna wani akwatin gawa na yumɓu kafin ya janye shi a 1935 domin jabu ne.

A ƙananan kaya irin naka, abin da aka fi yi ba jabu tsantsa ba ne, haɗi ne. Fuska ta gaske, ƙeya ta wani kan daban, hanci da wuya na filasta, a bi da fenti da ƙasa a rufe. Tsohuwar sana'a ce. Ma'aikatan Giampietro Campana, wani mai tara kayan tarihi a Rum wanda gwamnatin Faransa ta sayi mafi yawan tarinsa a 1861, sun yi suna a kanta. Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je ranar duba kaya ka riƙe su da hannunka. In ba hali, ka nemi rahoton lafiyar kayan a rubuce, da hoton ƙeya da ciki da ƙasan tafin ƙafar. Fitilar ultrabayolet na tona gam da filasta, domin haskensu ya bambanta da na yumɓu. Farin dattin da shekaru suka dasa yana kama jiki ƙam, sau da yawa da zanen saiwoyi siri-siri. Wanda aka shafa jiya da gam, auduga da ɗan asiton na ɗauke shi. Bakin tsohon karaya a goge yake, launinsa ɗaya da sauran jiki.

Za a ce maka a yi gwajin TL, na gano daɗewar gasasshen yumɓu. Ga yadda yake: ƙwayoyin ma'adinin da ke cikin yumɓu suna tara ƙarfi a hankali daga tururin yuraniyom da toriyom da fotashiyom na ƙasa. Wutar gashi na share abin da aka tara, lissafi ya fara daga sifiri. A ɗakin gwaji sai a huda wurin da ba ya nunawa, a ɗebi ɗan gari, a zafafa shi, a auna hasken da ya fitar; yawan hasken ke nuna daɗewar rabonsa da wuta. Yana raba na bara da na shekara 2,000, amma ba ya ba ka ƙarni takamaimai, kuma wurin da aka huda kaɗai yake wa shaida. Masu haɗi sun san haka, shi ya sa suke sa tsohon gutsure daidai inda ake yawan hudawa. A kai mai tsada a huda wuri biyu ko uku, ko a yi masa sikanin irin na asibiti. A ƙafar 'yan ɗaruruwan fam, kuɗin gwajin na iya kamo kuɗin ƙafar. Takardar "tabbacin inganci" da mai sayarwa ya buga da kansa kuwa, ra'ayinsa ne kawai ya sa wa hatimi.

A ce duk an yi, kayan na gaske ne. Nan ne matsalar take farawa. Tun 1909 dokar Italiya ta ce abin tarihi da aka tono daga ƙasa na gwamnati ne, ko a gonar wa aka same shi. Dokar 1939 ta ƙarfafa wannan, kundin dokokin kayan al'adu na 2004 ya gaje ta, a 2022 kuma aka ƙara tsananta hukunci. Tun 1969 akwai runduna ta musamman a cikin jandarmomin Carabinieri da ba ta da aiki sai farautar irin waɗannan kaya. Ke nan kan da ke gabanka hanya biyu ce tasa: ko ya bar Italiya tun da can ko da izinin fitarwa, ko kuma masu haƙan dare, waɗanda Italiyawa ke kira tombaroli, su suka tono shi. Kuma ƙasar Etruskawa na cikin wuraren da suka fi yi wa ɓarna, musamman daga shekarun 1960 zuwa 1990. A 1995 aka kai samame rumbun dillali Giacomo Medici a Geneva ta Suwizalan, aka samu dubban kaya da dubban hotuna, wasu kayan da ƙasarsu a jiki an ɗauke su hoto. Kotu a Rum ta same shi da laifi a 2004. Wani kwanon yumɓu mai zanen Bagirike Euphronios da Metropolitan ta saya dala miliyan 1 a 1972, daga kabari a Cerveteri aka sace shi, ya koma Italiya a 2008. Daga kayan dillalin Landan Robin Symes, an mayar da akwati 45 daga Geneva a 2016, da wasu guda 750 daga Landan a 2023. Da yawan irin waɗannan kaya da lafazi irin wanda ka karanta aka sayar da su: tsohon tari, wani attajiri a Suwizalan, iyalin da ba sa son a ambaci sunansu.

Mu ma mun san wannan lafazi. Da shi ake sayar da yumɓun Nok da na Sakkwato da Katsina da na Bura ta Nijar a Faris da Burasel, waɗanda majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa a jan jerinta na kayan da ke cikin haɗarin sata tun 2000. Wanda ya taɓa ganin gonar da aka bi da ramuka a kudancin Kaduna ya san abin da ake nufi da "tsohon tari".

Ma'aunin da gidajen tarihi da dillalan kirki ke aiki da shi shi ne 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan hana fataucin kayan tarihi, wadda Najeriya ta shiga a 1972, Birtaniya sai a 2002. Ana son hujjar cewa kaya ya bar ƙasarsa kafin 1970, ko ya fita da izini bayan nan. Ka sani dai wannan ma'aunin ɗa'a ne. Italiya da dokarta ta 1909 take da'awa. A inda kake zaune kuma akwai dokar 2003 da ta mai da cinikin kayan tarihin da mutum ya san ko ya yi imanin haramtaccen haƙa ne laifi, ɗaurin har shekara 7. Amurka ma tun 2001 take da yarjejeniya da Italiya ta hana shigar da su ba takarda.

Ba ina cewa babu na halal ba ne. Akwai, da yawa ma. A ƙarni na 19 an tono ramuka an sayar a fili. Kayan Vignaccia a Cerveteri, ɗaruruwansu suna gidan tarihin Hearst a Berkeley ta Amurka. Abin da jakadan Birtaniya Savile ya tono a Nemi a 1885 yana Nottingham. Henry Wellcome, mai kamfanin magunguna da ya rasu a 1936, ya tara ɗaruruwan gaɓoɓin yumɓu, da yawansu na Gidan Tarihin Kimiyya a Landan. Tunda kana ƙasar, ka je ka gani kyauta kafin ka kashe ko kwabo. Likitocin Turai da dama sun saye su suna ado da su a ofis, kuma kayan jikokinsu na fitowa gwanjo. Sai dai irin wannan kaya yana zuwa da alamarsa: tsohuwar takarda manne a ƙeya da rubutun tawada, lamba a ƙasan tafi, rasit, hoton falo na da, ko shafin kundin gwanjo mai kwanan wata. Kamar cinikin fili ne, ba kyan wurin ake fara tambaya ba, wa ya sayar wa wa ake bi har a kai tushe.

Don haka ka rubuta wa gidan gwanjon tambaya huɗu: sunan mai tarin, shekarar da ya saya, a hannun wa, da takardar da ke nuna haka. Ka ce su turo hotonta, kuma takardar ta siffanta wannan kan da wannan ƙafar, domin kaya na mazubi duk kama suke yi, rasit ɗaya na iya yi wa ƙafa goma rakiya. In suka ce sun duba rajistar kayan sata ba su ga sunansa ba, wannan bai wanke shi ba. Rajistar ta abin da aka sace daga gida ko gidan tarihi ce. Abin da aka tono da dare ba wanda ya taɓa rubuta shi balle ya kai ƙara. In amsar ta tsaya a "sirrin mai kaya ne", ni dai shawarata ka bari. Ba tsoron jandarma kaɗai ba. Ƙafa 100 da aka san raminsu suna gaya mana wane ciwo ya dami mutanen wani gari, wa suke roƙo, wace matoya ke yi musu aiki. Ƙafar da aka fizge daga ramin ba ta gaya wa kowa komai, kuma kuɗinka ne ke biyan haƙan gaba.

Batun riba, kada ka sa rai. Kaya ne mai yawa, masu nemansa kaɗan. Ranar saye gidan gwanjo zai ɗora maka la'ada wajen kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan farashin guduma, ranar sayarwa kuma a sake yankar wata a jikinka. Kai mai kyan zubi, da ragowar fenti, da takardun kafin 1970, shi ne ke riƙe darajarsa, wani lokaci ya kai dubban fam. Wanda ba takarda kullum ƙofofi ƙara rufe masa suke: manyan gidajen gwanjo na ƙin karɓa, gidajen tarihi ko kyauta ba sa so. Sannan tunda gida za ka kai shi, ka san kan siffar mai bauta ce ba ta abin bautar ba, amma dai don gunki aka ajiye shi. In wannan zai dame ka ko iyalinka, ka ji ta bakin malaminka kafin ranar gwanjo.

In takardu sun fito ka saya, kada ka wanke shi da ruwa, kada ka shafa masa mai ko man goge katako. Buroshi mai laushi ya isa. Babban abokin gabarsa gishirin da ya sha a ƙasa ne: in ɗaki na yin laima yana bushewa, gishirin na narkewa ya sake daskarewa, ya riƙa tura fatar yumɓun tana zuba kamar gari. Ka ajiye shi nesa da hita da taga da kicin, in ka ga farin kumfa na fitowa ka kai wa mai gyaran kayan tarihi, kada ka kankare. Da hannu biyu ake ɗaukarsa, ta ƙasa, ba ta hanci ko kunne ba. Tsofaffin takardun da ke manne a jiki kada ka ɓamɓare ko da sun yi datti. Ka ɗauki hotonsu, ka haɗa da rasit ɗinka da shafin kundin da duk wasiƙun da kuka yi da gidan gwanjon a fayil guda, ka ajiye kwafi a wani wuri daban.